Yadda Ake Haɗa Karin Kumallon Da Zai Riƙe Ciki Har Azahar

Karin kumallon yawancin gidajenmu yana cika ciki, amma ba ya riƙe shi. Koko da sukari, shayi da burodi, waina, fanke, ɗumamen tuwo da miyar da ba ta ga nama ba, duk hatsi ne a kan hatsi, sai mai da zaƙi. Mutum zai tashi daga gaban kwano ya yi hamdala, amma tun hantsi bai gama ɗagawa ba cikinsa ya fara kiran ciroma. Daga nan sai lemon kwalba, sai biskit, sai cincin. In abincin rana ya sauka a ci har numfashi ya yi wuya, a wuni da kasala, bayan isha'i kuma a sake neman abin taɓawa.

Ni malamar tattalin gida ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, kuma tukunyar gidana a hannuna take. A aji ina ganin bambancin da idona. Yarinyar da ta sha koko zalla ta fito, tun ba a tashi tara ba ta fara hamma tana kwantar da kai a kan benci. Wadda ta ci alala ko wake da shinkafa kuwa tana nan garau har a tashi. Abin da nake so ki ɗauka a nan, 'yar'uwa, abu ɗaya ne: ba sai kin watsar da cimarmu kin koma ta Turawa ba. Ma'auni kawai za ki juya. Wake, ƙwai, awara, nono, gyada da kifi su zama su ne abincin, koko da burodi su koma 'yan rakiya.

Me ya sa furotin ke riƙe ciki

Furotin shi ne sinadarin da ke gina tsoka da jini da fata. Yana kuma da wani aikin da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kansa ba, wato kashe yunwa. Idan tumbi ya daɗe babu komai, yana sakin wani sinadari mai suna girelin, ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa ya ce a nemo abinci. Idan abinci ya gangara hanji, shi ma hanjin yana da nasa 'yan aiken, irin su PYY da GLP-1, masu gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa haka. Furotin ya fi sitaci da mai iya danne girelin na tsawon lokaci, yana kuma zaburar da masu cewa an ƙoshi. Allurar nan ta Ozempic da ta yi suna wajen rage ƙiba, GLP-1 ɗin nan take kwaikwayo. Abinci ba shi da ƙarfin allura, amma ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Ban da haka, narkar da furotin kansa aiki ne ga jiki: a cikin kowace kalori 100 ta furotin (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne), 20 zuwa 30 suna ƙonewa wajen narkarwa, alhali na sitaci 5 zuwa 10 ne, na mai kuwa bai kai haka ba.

Koko da sukari wutar kara ne, nan da nan ta kama, nan da nan ta mutu. An tace dusa, an dama da ruwa, ba tauna, don haka sukarin jini yana hawa da sauri, a jikin wasu kuma ya sauko har ya wuce inda ya faro. A 2021 masu bincike na King's College da ke Landan da abokan aikinsu sun fitar da sakamakon mutum 1,070 da aka maƙala wa na'urar auna sukarin jini. Waɗanda sukarinsu ke faɗuwa sosai awa biyu zuwa uku bayan karyawa sun fi jin yunwa, sun fi saurin komawa kan abinci, kuma kafin dare sun ci kalori wajen 300 fiye da waɗanda nasu bai faɗi ba. Rawar hannu da jirin da ke kama wasu wajen ƙarfe sha ɗaya, sau da yawa daga nan suke.

Akwai wani bincike da nake son ba wa ɗalibaina labarinsa, saboda da fara aka fara shi. Wasu masana ƙwari biyu, Stephen Simpson da David Raubenheimer, sun daɗe suna ciyar da fara a Jami'ar Oxford da abinci iri-iri, wani mai furotin da yawa, wani kaɗan. Sai suka lura fara ba ta daina ci sai ta samu adadin furotin da jikinta ke nema. In abincin ba shi da shi sosai, za ta yi ta ɗurawa har ta yi kitse, don dai ta cim ma wannan adadi. A 2005 suka fito da ra'ayin cewa ɗan Adam ma haka yake. Masana na nan suna tattauna iyakar gaskiyarsa, amma ni dai ya fassara mini abin da na daɗe ina gani: mutum ya cinye rabin burodi da shayi kofi biyu, ransa na ce masa da saura.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka zurfafa bincike a kan karin safe kansa ita ce Heather Leidy, lokacin tana Jami'ar Missouri a Amurka. A 2013 ta gwada 'yan mata 20 masu ƙiba, waɗanda suka saba fita ba su karya ba. Wasu kwanaki an ba su karin kumallo mai furotin giram 13, wasu kwanaki mai giram 35 na ƙwai da naman sa, duka biyun kalori 350, wasu kwanakin kuma ba su karya ba sam. A ranakun giram 35 sun fi jin ƙoshi tsawon yini, kuma abin da ya fi jan hankalina, ciye-ciyen kayan maiƙo da suke yi da dare ya ragu. Abin da aka ci da safe ya kai hannunsa har bayan magariba. Ya kamata dai ki sani cewa mutum 20 ba su da yawa, kuma ƙungiyoyin masu naman shanu da masu ƙwai na Amurka ne suka ɗauki nauyin aikin. Wannan bai sa ya zama ƙarya ba, amma dalili ne na kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Kuma ga abin da bai faɗa ba: bai ce karin kumallo maganin ƙiba ne ba. A Jami'ar Aarhus ta ƙasar Danmak an gwada mata 30 da karin safe mai furotin, aka wallafa a 2024. Sun fi ƙoshi, hankalinsu ya fi tattaruwa, amma jimillar abin da suka ci a yini bai ragu ba. A 2019 ma mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 13, aka ga masu karyawa suna cin kalori kimanin 260 a rana fiye da marasa karyawa. Don haka in kin ƙara ƙwai uku a kan burodin da kika saba ci ba ki rage komai ba, ƙiba za ki ƙara. Musanya ake yi, ba ƙari ba. Abin da furotin zai ba ki shi ne sauƙin riƙe kai, ki isa ga abincin rana kina da zaɓi, ba yunwa ce ke jan ki ba.

Nawa ake nema, kuma a ina yake

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi mai lafiya yana buƙatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mace mai kilo 60 ke nan tana neman wajen giram 50. Matsalar ita ce mun saba tara shi a abincin rana da na dare, safiya ta tashi a tutar babu. Don ki ji tasirinsa a kan yunwa, ki nufi giram 25 zuwa 30 da safe. In bai samu ba, giram 20 ma ya fi 5 nesa ba kusa ba.

Ba sai kin sayi sikeli ba, gwangwanin madara da tafin hannunki sun isa. Ƙwan kaza ɗaya babba giram 6 ne. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen wake yana ɗauke da kimanin giram 30, rabinsa 15. Awara mai faɗin tafin hannu, wajen giram 100 a nauyi, tana ba da 10 zuwa 15, gwargwadon yadda aka matse ta. Kofin kindirmo da ba a tsinka ba, 8 ko 9. Cikin hannu na soyayyar gyada, 7. Gwangwanin kifin sadin, wajen 20. Ƙuli-ƙuli ya fi gyada ma, tunda an tatse mai an bar tunkuza. Busasshen kifi, kilishi da soyayyar fara kuwa, kusan rabin nauyinsu ko fiye furotin ne. Sai ki ɗora wannan a kan babban kofin koko, wanda da ƙyar ya wuce giram 3 ko 4, ko yankan burodi biyu masu kauri, giram 5 ko 6. Ƙaramin ƙunshin madarar gari da ake zuba wa shayi yana canza launi ne kawai, bai wuce giram 3 ba.

Daga wannan lissafi za ki ga nama ba dole ba ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita. Furotin mafi araha yana cikin rumbunmu. Kuma haɗin da iyayenmu suka bar mana daidai yake da ilimi: gero, dawa da masara suna da ƙarancin wani tubalin furotin da ake kira laisin, wake na da shi da yawa, shi kuma wake abin da ya gaza a kai hatsi na cike masa. Koko da ƙosai, wake da shinkafa, duk a kan wannan ƙa'ida suke. Mu ne muka riƙa rage waken muna ƙara hatsin.

Yadda nake haɗawa

Mu fara da koko da ƙosai, tunda shi ne sarkin karin safe. Yadda aka saba, koko cike da kwano, sukari cokali uku, ƙosai biyu ko uku a gefe. Ki juya shi. Ki auna rabin gwangwanin wake ga kowane babba a gidan, zai ba ki ƙosai matsakaita shida ko bakwai. Ki ƙara dafaffen ƙwai ɗaya, ki mayar da koko ƙaramin kofi, sukari cokali ɗaya. Kin kai giram 23 ko 24 ke nan. In kin maye kokon da kunun gyada, kin haura 25. Illar ƙosai ɗaya ce, shan mai. Ki bari man ya yi zafi sosai kafin ki saka, ki buga ƙullun ya tashi, ki tsame a matsami ya tsane. Ni dai a ranakun aiki na fi son alala, domin manja ko man gyada cokali biyu ya ishi ƙullun gida guda, ga shi kina iya yanka ƙwai ko ki marmasa kifi a ciki. Alala gwangwani biyu mai kifi, da ruwan shayi ba madara, tana kai ni azahar ban tuna da abinci ba.

Abin da ya fi sauƙaƙa mini safiya shi ne garin kunu. Gero kwano uku, waken suya kwano ɗaya, gyada kwano ɗaya. A gyara kowanne daban. Waken suya a jiƙa shi, a cire ɓawo, a shanya, sannan a soya shi a busasshiyar tukunya har ya yi ja ya daina ƙarni. Kada ki yi masa gaggawa, domin ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, wuta ce ke kashe shi. A soya gyada sama-sama, gero ma a ɗan gasa shi, a sa citta da kanumfari, a kai inji. Wannan gari furotin ɗinsa ya kusa ninka na gero zalla. Ana dama shi da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a juya minti biyar. Saboda akwai gyada a ciki, kada ki yi wanda zai wuce wata guda, yana iya yin ɗaci. Ki tuna dai abin sha ba ya riƙe ciki kamar abin taunawa, don haka ko da wannan kunun ne, a haɗa da abin da haƙori zai yi aiki a kai.

Awara kuwa ban san abin da ya kai ta arahar furotin a kasuwarmu ba. Mun mayar da ita abin ciye-ciyen yamma na yara, ana tsoma ta a mai har ta yi ƙarau a barbaɗa yaji. Ki gwada ta da safe a matsayin abinci. Ki soya albasa, tumatir da attarugu da mai kaɗan, ki yanka ɗanyar awara ki zuba, ki rufe ta turara, in da hali ki fasa ƙwai ɗaya a kai. Awara tafin hannu ɗaya da rabi da ƙwai ɗaya sun kai ki inda ake nema, ko da yankan burodi ɗaya ne a gefe. In ke kike yin awararki, ruwan tsamin da ya kwana ko ruwan lemon tsami ya isa ya haɗa ta, kuma dusar da kika tace kada ki zubar, ana zuba ta a ƙullun ƙosai ko a ba kaji.

Fura da nono ma juyawa take so. Nono ya yi yawa, fura ta zama rabin curi, sukari kaɗan ko babu. Kindirmo kofi biyu giram 16 zuwa 18 ne, da cikin hannu na gyada kin gama. Sai dai nonon da aka tsinka da ruwa ya koma tsararo ba zai yi wannan aiki ba, kuma ki saya wajen wadda kika san tana dafa madararta kafin ta kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin da ake kira burusela. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cuku, wanda ba ya neman firji, ga shi ƙaramin yanki yana da auki. Da shayi ake cin sa, kuma karin safe ne mai kyau ƙwarai.

Ɗumame ba abin raini ba ne, miyarsa ce ke neman gyara. Ki daka wake ki zuba a ruwan miyar kuka tun farko ya dahu ya narke, ki ƙara dakakken busasshen kifi. Malmala ɗaya da miya mai kauri irin wannan ta fi malmala biyu da miyar da daddawa da dunƙule kaɗai ke cikinta. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli mai yawa shi ma yana shiga da safe, ga ganye ga furotin.

Ɗanwake ne nake so ki yi hattara da shi. Na yanzu, musamman na sayarwa, yawancinsa fulawa ne ko alabo da kuka da kanwa, waken sai dai a suna. In a gida za ki yi, wake ya kai aƙalla rabin garin, a yanka ƙwai biyu a kai.

Ga maigida da samari da ɗalibai masu karyawa a teburin mai shayi, malam, kai ma kana da abin yi. Maimakon Indomie biyu da ƙwai ɗaya, ka ce a yi maka ɗaya da ƙwai uku. In burodi ne, ka karɓi rabin wanda ka saba, a soya maka ƙwai da albasa, ka roƙi a rage mai, sukarin shayi kuma ka tsaya a kai ka ga abin da aka zuba. Mai fita da asuba zuwa kasuwa ko gareji ya sa ƙuli ko gyada a aljihu. Ya fi lemon kwalba da fanke da zai saya a hanya.

Wata 'yar dabara da ba ta cin ko sisi: ki fara cin ƙwan ko alalar, sannan ki bi da koko ko burodi. An gwada wannan a kan masu ciwon sukari, an ga sukarin jini ba ya hawa kamar in sitacin aka fara ci.

Safiyar gidan da ke da 'yan makaranta ba ta da faɗi, na sani. Shi ya sa rabin aikin na ranar hutu ne. Ki surfa wake mai yawa, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, ki ajiye. Wanda aka cire wa ɓawo minti talatin ya ishe shi jiƙa, kuma ya fi sauƙi ga masu kumburin ciki. Kina ma iya niƙa shi gari, da safe ki kwaɓa kawai. Wake na dafawa kuwa ki jiƙa shi da dare, ki zubar da ruwan, zai dahu da wuri ba sai kin cika masa kanwa ba. Ƙwai ki dafa shi da safe, minti goma ne, kina ɗora ruwan wanka kina ɗora shi. Inda wuta ba ta tsayawa, kada ki dogara da dafaffen abin da ya kwana, musamman a watannin bazara. Alalar da ta kwana sai an sake turara ta ta yi zafi har ciki, in ta fara yauƙi ko tsami a zubar.

Akwai masu cewa su sam ba sa iya cin abu da sassafe. Ba dole ba ne a ci ƙarfe bakwai. Ki ƙunsa ki tafi da shi, ki ci ƙarfe tara ko goma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ya fara shiga cikin ya zama mai riƙewa. Sau da yawa kuma rashin jin yunwar safe daga tuwon ƙarfe goma na dare yake. In aka matso da abincin dare kusa da magariba aka rage shi, safiya na buɗewa da kanta. Barci ma yana da hannu a ciki: wanda bai samu isasshen barci ba girelin ɗinsa na hawa, ya wuni yana sha'awar zaƙi ko me ya karya da shi.

A watan azumi wannan ilimi ya fi amfani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu yi sahur domin akwai albarka a cikinsa. Sahur da shayi da burodi ko farar taliya yana barin mutum tun kafin azahar. Wake da shinkafa wanda waken ya fi yawa, ko alala, ko ƙwai da kindirmo, sun fi kai mutum la'asar da ƙarfinsa. Kilishi da kayan yaji da gishiri dai a bar su sai buɗa-baki, saboda ƙishirwa.

Yadda za ki gane ko yana yi miki aiki

Ki ba shi mako biyu, kuma kada ki hau sikeli, ba nan za ki fara ganin canji ba. Ki samu 'yar takarda ki riƙa rubuta ƙarfe nawa yunwa ta fara taɓa ki, me kika saya ko kika ɗauka tsakanin karin safe da abincin rana, da kuma abin da hannunki ya kai gare shi bayan isha'i. In lokacin yunwar ya matsa daga ƙarfe goma zuwa sha biyu ko ɗaya, abu ya yi. In bai matsa ba, ki duba lissafinki, galibi za ki tarar giram 12 ko 15 kike ci kina zaton 25 ne. In kuma ba kya jin yunwa amma hannu bai daina zuwa robar cincin ba, to wannan sabo ne, kuma maganinsa kawar da robar daga inda ido ke ganinta. Furotin yana kashe yunwa, ba ya kashe sabo.

Yara ba sa buƙatar giram 30. Ɗan shekara 4 zuwa 8 giram 19 ne buƙatarsa ta yini guda, don haka ƙwai ɗaya ko ƙosai uku da kunun gyada sun wadatar da safiyarsa. Har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya tashi da kwaɗayi ko ɗauke-ɗauke. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana cutar da yara a shekarun da jikinsu ya fi neman gini. Wani abin da ke damuna shi ne rabon da muke yi a gida: a zaɓa wa maigida, a ba yara, uwa ta tsaya a kan abin da ya rage a tukunya, alhali in tana da ciki ko tana shayarwa ita ce ta fi kowa buƙata a gidan. Ki sa kanki a lissafi tun wajen auna waken.

Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu kada ya ƙara furotin sai da izinin likitan, domin ƙoda ce ke fitar da dattinsa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, in zai rage hatsin safe ya sanar da likitansa, kada sukari ya faɗi ƙasa. Mai hawan jini ya lura da gishirin da ke cikin kifin gwangwani, kilishi da dunƙule. Ƙwai ɗaya a rana ba shi da matsala ga mai lafiya, amma ba sai kullum ƙwai uku ba, ga wake ga awara ga nono, a riƙa juyawa.

Sai maganar saye da ajiya, wadda a nan ne furotin mai araha kan zama mai cutarwa. Gyadar da ta yi funfuna ko ta yanƙwane ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ki tsince irin waɗannan ki zubar, ƙuli kuma ki saya wajen wadda kika yarda da gyadarta. Fara a tabbatar ba wadda aka yi wa feshi ba ce. Wake kuwa wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari don kada ya yi ƙwaro, har ta kai a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a ciki. Ki shinshina kafin ki saya, in yana warin magani ki bar shi, wanda kika saya kuma ki wanke sosai. Abin da ya fi shi ne ki saya da kaka lokacin da yake araha, daga hannun manomi in da hali, ki shanya ya bushe sosai, ki zuba a jarka mai murfi ki cika ta har baki ki toshe, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki ya mutu da kansa ba tare da magani ba. Ki raba shi a ƙananan jarkoki maimakon babba ɗaya, domin duk wadda aka buɗe, a cinye ta cikin 'yan makonni.